Tsugune Ba Ta Ƙare Ba: Gudan Jini da Taruwar Ruwa Bayan Bugun Zuciya

Ranar 23 ga Satumba, 1955, shugaban Amurka Dwight Eisenhower ya yini yana wasan golf a Denver, jihar Colorado. Da rana ya ci burodi da nama da ɗanyar albasa, can zuwa la'asar ya fara cewa cikinsa ba daɗi. Tsakar dare ciwon ƙirji ya tashe shi. Likitansa ya zo ya yi masa allurar kashe zafi, da gari ya waye kuma aka gaya wa 'yan jarida cewa ɓacin ciki ne ke damun shugaba. Sai da rana ta yi sosai aka kawo na'urar da ke zana wutar zuciya a takarda, wadda ake kira i-si-ji, zanen ya nuna cewa wani yanki na naman zuciyarsa ya riga ya lalace. Aka wuce da shi asibitin soja na Fitzsimons, inda ya kwashe mako 7.

Ya tashi, ya koma ofis, har ya sake cin zaɓe a 1956. Sai dai zuciyar da ya koma gida da ita ba ita ce wadda ya je filin wasa da ita ba. Likitoci sun ɗora shi a kan maganin tsinka jini. A Nuwamban 1957 ya samu ɗan shanyewar jiki da ya harɗe masa harshe na 'yan kwanaki. Bayan ya bar mulki ciwon ya yi ta dawo masa, har ranar 28 ga Maris, 1969, ya mutu a asibitin Walter Reed a Washington, zuciyar ta gaza tura jini.

Na ɗauko labarinsa ne saboda mu nan idan aka ce wane ya samu bugun zuciya, abu biyu kawai ake jira a ji: ya cika, ko ya tsallake. In ya tsallake sai a yi ta barka, a kai kayan dubiya, a watse. A wajen likitan zuciya kuwa, daren ciwon shi ne mafarin aiki. Naman da ya mutu a wannan dare yana nan a ƙirji, kuma shi ne zai haifi abubuwa biyu da ke kwantar da mutane daga baya, wato sabon gudan jini a cikin zuciyar kanta, da ruwan da ke taruwa a huhu da ƙafafu da jakar da ke lulluɓe da zuciya. Girman hatsarin duka biyun yana bin girman naman da ya mutu, shi kuwa girman naman yana bin yawan sa'o'in da aka ɓata a ranar farko.

Duk wanda ya taɓa riƙe zuciyar rago ranar layya ya ga yawancin abin da za a yi magana a kai. Akwai wani tantani kamar leda da ake yagewa kafin a kai ga naman. A bayan naman akwai kitse, a cikin kitsen kuma wasu sirarran jijiyoyi sun bazu kamar saiwa. In aka tsaga ta za a ga ɗakuna huɗu, ɗaya mai kaurin bango fiye da sauran, da wasu fararen zaruruwa da ke riƙe da ƙyamaren da ke tsakanin ɗakunan. Ta mutum ma haka take. Ɗakin nan mai kauri, na ƙasa ta hagu, shi ne ke tura jini zuwa ga dukan jiki. Abin mamaki, duk da jinin da ke wucewa ta cikin zuciya, wajen lita 5 a kowane minti in mutum yana hutawa, namanta ba ya sha daga ciki. Abincinsa yana zuwa ne ta waɗannan sirarran jijiyoyi na baya. Manyansu uku ne, kowace da gonar da take shayarwa.

Shekara da shekaru kitse kan taru a cikin bangon waɗannan jijiyoyi, ya yi kamar ƙurji mai ɓawo a kai. Hawan jini, ciwon suga, taba sigari, yawan maiƙo a jini da gado su ne ke ciyar da shi. Mutum yana harkarsa bai san da shi ba. Ranar da ɓawon ya tsage, jini kan ɗauki wurin a matsayin rauni, ya yi abin da ya saba yi wa kowane rauni: ƙananan ƙwayoyin jini masu liƙewa su taru, wani zare mai kama da raga ya ɗaure su, cikin mintuna guda ya haɗu ya toshe hanya. Dabarar da ke tsayar da jini in wuƙa ta yanke ka, ita ce dai ta yi aiki a inda ba a so.

Yau wannan bayani kamar kowa ya san shi, amma an daɗe ana gardama a kansa. Tun 1912 wani likita a Chicago, James Herrick, ya rubuta cewa gudan jini ne ke toshe jijiyar, kuma mutum yana iya rayuwa bayan haka. Ba a kula shi sosai ba. Har cikin shekarun 1970 akwai masanan da ke cewa gudan yana zuwa ne bayan naman ya mutu. Sai a 1980 Marcus DeWood da abokan aikinsa a garin Spokane suka yi ƙarfin halin ɗaukar hoton jijiyoyin marasa lafiya ana tsakiyar ciwon. Cikin waɗanda aka duba a sa'o'i 4 na farko, kashi 87 cikin 100 jijiyarsu a toshe take ruf. Daga nan gardama ta mutu.

Idan ruwa ya yanke wa lambu, ba a take shuka ke bushewa ba, kuma ba tare take bushewa ba. Haka naman zuciya. Cikin daƙiƙu yankin da aka yanke wa jini yakan daina matsawa, amma yana da rai. Bayan minti 20 zuwa 30 mutuwa ke farawa. A 1977 Keith Reimer da Robert Jennings sun nuna, ta gwaji a kan karnuka, cewa mutuwar tana somawa ne daga shimfiɗar ciki ta bangon, inda jini ya fi wahalar kaiwa, ta riƙa ci tana fitowa waje kamar wutar daji. In an buɗe jijiyar cikin sa'a ɗaya, yawancin naman zai tsira. In an kai sa'a 6, galibi abin da zai mutu ya mutu, sai wanda Allah ya yi wa gyaɗar dogo yana da ƙananan jijiyoyin da ke kewayo da jini ta wata hanya.

Shi ya sa duk ci gaban da aka samu a wannan fanni tsere ne da agogo. Wani babban gwaji da aka buga a 1988, mai suna ISIS-2, da ya haɗa mutum fiye da 17,000, ya nuna cewa asfirin kaɗai yana rage mutuwa a makonni 5 na farko da kusan kashi 23 cikin 100, in kuma aka haɗa shi da allurar narkar da guda ta sitireftokines, ragin yakan kai kashi 42. Kafin nan, a 1977, Andreas Grüntzig ya zura siririn bututu mai balan-balan a jijiyar zuciyar wani mutum a Zurich ya buɗe ta, aikin da yanzu ake yi ana barin 'yar ragar ƙarfe a wurin don kada ta sake rufewa. Amma duk wannan ba ya amfanar wanda ya kwana biyu a gida yana shan maganin olsa. In shugaban Amurka da likita a gefensa an ce masa ɓacin ciki ne, ba abin mamaki ba ne a ji magidanci a Kano ko Maraɗi yana cewa "olsa ce ta taso min." Masu ciwon suga da tsofaffi da mata ma sau da yawa ba sa jin ciwon ƙirjin da aka sani, sai gumi, tashin zuciya, kasala ko haki.

To, me ke faruwa da naman da ya mutu? Ba ya tsirowa. Hanta in an yanke wani ɓangare nata takan mayar, fata takan haɗe, zuciya kuwa ba ta da wannan baiwa sai 'yar kaɗan. A 2009 masu bincike a cibiyar Karolinska ta Stockholm sun auna shekarun ƙwayoyin naman zuciya ta wata hanya mai ban sha'awa, wato amfani da burbushin sinadarin da gwaje-gwajen bam na nukiliya suka bari a iska a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Suka gano cewa abin da ke sabuntuwa a shekara bai wuce kashi 1 cikin 100 ba ga matashi, ga tsoho kuma bai kai rabin haka ba. Saboda haka jiki faci yake yi. A kwanakin farko fararen ƙwayoyin jini kan shigo su fara kwashe mushen. Tsakanin kwana 3 zuwa 7 an kwashe tsohon nama, sabon tabo bai yi ƙwari ba, bangon yana nan kamar katangar laka a tsakiyar Agusta. Sai bayan mako 6 zuwa 8 tabon ke ƙanƙara. Tabo kuwa yana toshe rami, amma ba ya matsawa. Sauran bango na aiki, shi yana tsaye, wani lokaci ma in sauran sun matso ciki shi sai ya bulluƙo waje.

A nan guda na biyu ke samun gindin zama. Tun tsakiyar ƙarni na 19 likitan nan na Jamus, Rudolf Virchow, ya yi aikin da aka ciro ƙa'idar da ɗaliban likita ke haddacewa har gobe: jini yana daskarewa a cikin jiki in ya tsaya cik, in bangon da yake gogawa ya samu rauni, ko in shi kansa jinin ya ƙara saurin kamawa. Bayan babban bugun zuciya duka ukun sukan haɗu a wuri guda. Bangon ciki ya ji rauni. Jiki yana cikin kumburi, jini ya ƙara danƙo. Sannan ga lungun da ba ya motsi, musamman can ƙasan ɗakin hagu, wurin tsinin zuciya, inda jini kan shiga ya yi ta juyawa kamar ruwan kududdufi. Wanda ya ga yadda jinin yanka ke zama curi in ya kwanta a ƙasa ya fahimci sauran.

An fi ganin wannan ga waɗanda jijiyar gaba ce ta toshe musu, domin ita ke shayar da gaban zuciya da tsininta. Kafin zamanin buɗe jijiya da wuri, wajen ɗaya cikin uku na irin waɗannan marasa lafiya sukan yi guda a cikin zuciya. Yanzu abin ya ragu ƙwarai a inda ake buɗe jijiya cikin lokaci. Yawanci a makonni 2 na farko yake haɗuwa, kuma ba ya ciwo, ba ya ba da wata alama. Hoton eko, irin na'urar da ake duba juna biyu da ita amma a ɗora a ƙirji, shi ke nuna shi. Akan yi hoton a rana ta farko a ga ba komai, a sake bayan mako ɗaya ko biyu a tarar da shi zaune. Don haka in likita ya ce a dawo a sake hoto, ba neman kuɗi yake ba.

Hatsarin gudan ba a zamansa yake ba, a tafiyarsa yake. Ɗakin hagu ƙofarsa a buɗe take zuwa ga babbar jijiyar da ke raba jini ga jiki duka. In ɗan ɓarɓashi ya ɓalle, duk inda jini ya kai shi nan zai toshe. In ya hau ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki ke nan. In ya sauka ƙafa, sai ƙafar ta yi sanyi ta yi fari da ciwo mai tsanani farat ɗaya. Yana iya faɗawa ƙoda, ko saifa, ko jijiyar hanji. A kowane wuri irin mutuwar naman da ta faru a zuciya ce za ta maimaitu. Iyali sukan ɗauka sabuwar cuta ce ta faɗo wa maras lafiya mako uku bayan sallama, alhali reshen ta farko ce.

Akwai wasu hanyoyi biyu da guda kan ɓullo. Ɗaya ita ce rikicewar bugawar ɗakunan sama, inda maimakon su matsa sai su yi ta karkarwa, jini ya kwanta a cikinsu. Ɗayar kuma daga doguwar kwanciya take. A da, hukuncin wanda ya samu bugun zuciya shi ne mako 6 a gado, ko juyawa ba ya yi da kansa, wai kada bangon ya fashe. Da yawa sun tsira daga zuciyar, gudan da ya haɗu a jijiyar ƙafa ya taso ya toshe musu huhu. A 1952 Samuel Levine da Bernard Lown a Boston suka buga sakamakon zaunar da irin waɗannan marasa lafiya a kujera tun kwanakin farko, abin da wasu abokan aikinsu suka ɗauka ganganci ne. Yau ana tayar da mutum ya taka cikin kwana ɗaya ko biyu in jikinsa ya daidaita. Wannan na ƙarshe ya kamata masu jinya su ji, domin tausayinmu yakan sa mu ce "kwanta, kada ka motsa," mu yi ta kai masa komai har gado wata guda.

Maganin gudan cikin zuciya daban yake da asfirin. Asfirin da 'yan uwansa suna hana ƙananan ƙwayoyin nan liƙewa ne, abin da ya fi amfani a cikin jijiya mai gudun jini. Gudan da ya haɗu a jini mai kwanciya kuwa sai maganin da ke hana saƙa zaren ragar. Ɗaya daga cikin tsofaffinsu shi ne wafarin, kuma asalinsa abin dariya ne. A shekarun 1920 shanu a arewacin Amurka da Kanada suka riƙa mutuwa da zubar jini bayan sun ci wata harawa da ta yi fumfuna. Karl Link na Jami'ar Wisconsin ya ciro sinadarin da ke jawo haka, a 1948 aka fara sayar da ɗan uwansa a matsayin maganin ɓera, a 1954 aka amince a ba mutane. Shekara ɗaya bayan nan aka ba Eisenhower, abin da ya cire wa jama'a da yawa tsoronsa. Akan sha shi wajen wata 3, a sake hoto, in gudan ya narke kuma bangon ya ɗan farfaɗo a duba yiwuwar dainawa. Wafarin yana son gwajin jini a kai a kai, kuma ganye irin su alayyahu suna rage masa ƙarfi. Ba a ce a daina cin ganye ba, a dai riƙe ma'auni guda, kada yau a ci kwano guda gobe a yi mako ba a taɓa ba. Akwai sababbin magunguna da ba sa bukatar wannan gwaji, sai dai sun fi tsada.

Inda likita ke shiga tsaka mai wuya shi ne mutumin da aka sa wa ragar ƙarfe a jijiya, wanda dole ya sha magani biyu na hana liƙewa, sannan ga guda a cikin zuciya da ke neman na uku. Uku a haɗe suna iya sa ciki ya yi ta zubar da jini. Gaba kura, baya sayaki. Abin da ake yi yanzu shi ne taƙaita lokacin haɗa ukun gwargwadon iko, a janye ɗaya da wuri. Wannan lissafi ne da ba a yi wa kai a gida, kuma baƙin bayan gida kamar kwalta, ko jinin da ya ƙi tsayawa, dalili ne na komawa asibiti a ranar.

Sai batun ruwa, wanda a ganina ya fi gudan wahalar da mutane, domin shi kullum ana tare.

Lafiyayyen ɗakin hagu yana fitar da kashi 55 zuwa 70 cikin 100 na jinin da ke cikinsa a kowace matsa. Bayan babban bugu lambar kan sauko 40, ko 30, ko ƙasa. Wannan ita ce lambar da likita ke nema a hoton eko, kuma ya kamata maras lafiya ya san tasa kamar yadda ya san lambar wayarsa. In famfo ya rage ja, ruwa kan taru a bayansa. Abin da ke bayan ɗakin hagu kuwa huhu ne. Jini ya cunkushe a ƙananan jijiyoyin huhu, matsi ya ƙaru, ruwan jinin ya fara tsattsafowa cikin 'yan jakunkunan da aka yi domin iska. Mutumin yana nutsewa ne a kan gadonsa.

Kalmomin da marasa lafiya ke faɗa kusan iri ɗaya ne ko'ina. "Likita, ba na iya kwanciya sai na tara matasai uku." "Cikin dare sai in farka kamar an shaƙe ni, sai na zauna bakin gado ko na buɗe taga." "Daga ɗaki zuwa masallaci sai na tsaya sau biyu." Dalilin na kwanciyar shi ne ruwan da ya yini a ƙafafu yakan komo ƙirji in an miƙe, zuciyar kuma ba ta da ƙarfin karɓarsa. Wasu kan ce asma ce ta kama su da girma, wasu su ce dannau ne. In abin ya yi tsanani, tari kan fito da kumfa mai ɗan ja-ja, mutum ya jiƙe da gumi, leɓe ya yi duhu. Wannan ba ya jiran gari ya waye.

A 1967 Thomas Killip da John Kimball a New York suka kasa marasa lafiya 250 gida huɗu, ba da wata na'ura ba, da kunne da ido kawai. Waɗanda huhunsu ba ruwa, kashi 6 cikin 100 ne suka mutu a asibiti. Masu ɗan ruwa a ƙasan huhu, kashi 17. Waɗanda ruwa ya cika musu huhu, kashi 38. Waɗanda jininsu ya faɗi, gaɓoɓi suka yi sanyi, fitsari ya ɗauke, kashi 81. Magani ya sauko da waɗannan lambobi sosai daga baya, amma matakalar tana nan, har yau da ita ake aiki. Matakin ƙarshen yakan zo ne in abin da ya mutu ya kai wajen kashi 40 cikin 100 na naman ɗakin hagu.

Abin da ke dagula lamarin shi ne ƙoda. Ita ba ta ganin zuciya. Abin da ta sani kawai jinin da ke iso mata ya ragu, kuma a tsarin halittarta wannan na nufin an yi zubar jini ko ƙishirwa ta yi yawa. Sai ta saki sinadaran da ke tsuke jijiyoyi, su kuma riƙe gishiri da ruwa. Ga wanda ya ɓata a daji ba ruwa wannan ceto ne. Ga mai raunin zuciya kuwa ƙarin kaya ne a kan jakin da ya riga ya durƙusa. Ruwa ya ƙaru, ɗakin hagu ya buɗe don ya ɗauka, bangonsa ya ƙara sirancewa, siffarsa ta tashi daga mai tsini ta koma kamar tulu, ƙarfinsa ya sake raguwa, ƙoda ta sake riƙe ruwa. Da tafiya ta yi nisa ɓangaren dama ma kan gaji, sai a ga ƙafafu sun kumbura har yatsa na lotsawa, hanta ta cika ta yi nauyi, ciki ya ɗauki ruwa, wani ruwan kuma ya kwanta tsakanin huhu da haƙarƙari.

Fahimtar wannan zagaye ita ta canza magani. Maganin sa fitsari irin su Lasix yana kwashe ruwa, mutum ya samu numfashi cikin sa'o'i, shi ya sa marasa lafiya suka fi ƙaunarsa. Amma magungunan da ke tsawaita rai su ne waɗanda ke toshe kunnen jiki daga wancan kiran na ƙoda da na jijiyoyin firgici, masu sa zuciya saurin bugawa. A 1992 gwajin SAVE, ƙarƙashin Marc Pfeffer da Eugene Braunwald, ya bi mutum fiye da 2,200 da zuciyarsu ta raunana bayan bugu, ya nuna cewa kaftofiril, wani maganin hawan jini, ya rage mutuwa da kashi 19 cikin 100. Irin waɗannan ƙwayoyi ba a jin aikinsu a jiki, wani lokaci ma jiri suke sawa a farko, don haka su ne ake fara yarwa in kuɗi ya yi ƙaranci ko an ji sauƙi. Ana kuma jin mai cewa "ai jinina ba ya hawa yanzu, me zan yi da maganin hawan jini?" Ba don hawan jini aka ba shi ba, don kada zuciyar ta ci gaba da buɗewa ne.

Gishiri kuwa mu muna da darasinsa a gida. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi nazarin matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa a Zariya, suka danganta yawan abin da kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Waccan cuta daban ce da bugun zuciya, amma kanwa kanwa ce: sinadarin da ke cikinta shi ne dai na gishiri, kuma duk inda ya shiga ruwa na biye da shi. Mai raunin zuciya da aka hana gishiri, amma ana zuba masa dunƙule uku a miya, ana jiƙa masa kanwa don "wankin ciki," an gudu ne ba a tsira ba. Haka magungunan ciwon jiki da ake saya a kemis ba takarda, irin su diklofenak da ibufurofen: suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, suna kuma ƙara hatsarin zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini.

Akwai wani ruwan da ba na gazawar famfo ba ne, wato na cikin jakar zuciya, tantanin nan da mahauci ke yagewa. A ƙa'ida ruwan da ke ciki bai wuce cokali 1 zuwa 3 ba, don santsi kawai. In mutuwar nama ta ratsa bango har waje, tantanin kan kumbura a kwanakin farko, ya kawo wani ciwon ƙirji mai suka, wanda ke ƙaruwa da jan numfashi ko kwanciya, ya lafa in an zauna an sunkuya gaba. Wani kuma sai bayan makonni yake zuwa da zazzaɓi, lokacin da garkuwar jiki ta juya kan tantanin. William Dressler ne ya bayyana wannan a 1956, kuma ya yi ƙaranci tun da aka fara buɗe jijiya da wuri. Yawancin irin wannan ruwa kaɗan ne, yakan janye da kansa. Abin dubawa shi ne saurin taruwarsa, domin jakar ba ta miƙewa da gaggawa. In a hankali ne tana iya ɗaukar lita guda mutum yana yawo. In farat ɗaya ne, abin da bai cika kofin shayi ba ya isa ya matse zuciya ta kasa buɗewa ta karɓi jini. Ga mai guda a cikin zuciya da ruwa a jakarta lokaci ɗaya, maganin da zai narkar da na farko yana iya mayar da na biyu jini, shi ya sa akan yi ta maimaita hoto.

Mafi muni shi ne yagewa a makon nan na katangar laka. In bangon waje ne ya fashe, jini kan cika jakar cikin mintuna. In bangon da ya raba ɗakin hagu da na dama ne, sai jini ya riƙa tsallakawa inda bai kamata ba. In kuwa tsokar da ke riƙe da fararen zaruruwan nan ce ta tsinke, ƙyauren ya saki, kowace matsa sai ta mayar da jini baya zuwa huhu, mutumin da ake shirin sallama da safe ya koma neman numfashi kafin azahar. Waɗannan ba su cika faruwa ba yanzu, an fi ganinsu ga tsofaffi da waɗanda suka iso asibiti a makare, kuma maganinsu tiyata ce.

Kwashe ruwan ma da nasa ma'auni. In maganin fitsari ya yi kaɗan huhu ya cika, in ya yi yawa jini ya faɗi, ƙoda ta bushe, sinadaran jini su rikice har bugawar zuciya ta harɗe. Adadin da ya dace da mutum a sanyin Janairu ba lalle ya dace da shi a zafin Afrilu ba, balle in ga gudawa ko azumi, shi ya sa ake son mai niyyar azumi ya zauna da likitansa tun cikin Sha'aban. Na'urar da ta fi amfani a gida kuwa ba mai tsada ba ce, sikeli ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma jiki yana iya ɓoye lita 2 ko 3 kafin ƙafa ta nuna. Akan hau shi kowace safiya bayan fitsari, kafin karin kumallo, da irin tufafin jiya, a rubuta a littafi. In nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ba ƙiba ba ce, ruwa ne, kuma a ranar ake neman likita, tun matasan kai ba su koma uku ba.